Yadda ake faɗaɗa shagon firam ɗin hoto a Kaduna

Mai haɗa firam biyar a mako ba ya jin zafin kuskuren awo. Sai ranar da makaranta ta kawo takardun shaida hamsin, ko ofis ya nemi hotunan shugaban ƙasa da gwamna, sannan ɓarna ke fara cin jari.

Fara da lissafin sanda, wato katakon da ke zagaye hoton, kafin ka faɗi farashi. Haɗa tsawo da faɗin hoton, ka ninka biyu, ka ƙara faɗin sandar sau takwas, domin kowace kusurwa yanka biyu ce. Hoto mai inci 16 da 20, sanda mai faɗin inci 2: 72 da 16, inci 88 ke nan, ban da abin da zarto ke ci. Masu manta wannan 16 ɗin su ne ke komawa kasuwar Panteka da tsakar rana neman ciko, wani lokacin ma su tarar launin ya ƙare.

Sai kusurwa, wadda a nan ake gane gwani. Kowane yanka digiri 45 ne cif. Zarto ya kauce da rabin digiri, kusurwa uku za su zauna, ta huɗu ta buɗe baki. Kowace safiya gwada da guntaye huɗu kafin ka taɓa sandar kwastoma. Shafa gam irin Top Bond, ka ɗaure da matsi, sannan ka buga ƙusa ta baya. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kusurwa.

Gilashi mai kaurin milimita 2 ya isa har inci 16 da 20. Abin da ya fi haka, sa mai 3. Yanke shi ya gaza ramin firam da milimita 2, saboda katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, gilashin da aka matse kuwa tsagewa yake yi. Sabon katako ya yi mako biyu a shago kafin a yanka. Kada hoto ya taɓa gilashi: laimar Agusta tana manne su, hoton biki kuma ba a sake ɗaukarsa. Sa kwali a gefe ya raba su, ka rufe baya da tef na takarda don ƙura da kyankyaso.

Kan kuɗi, karɓi kafin alƙalami da zai biya sanda da gilashi gaba ɗaya, musamman aikin ofis, inda biya kan ja ƙafa. Guntayen sanda kada su tafi murhu, firam ɗin inci 5 da 7 ne.

In ka ɗauki yaro, ba shi goge gilashi da rufe baya. Awo da yanka su zauna a hannunka, ka tara su sai an kawo wuta ka yi su a zama ɗaya, maimakon tada janareta don firam guda.