Yadda ake zana ƙwan pysanka a Gidan Tarihin Yukren na New York

Ƙungiyar matan Yukren mazauna Amurka ce ta kafa wannan gidan tarihi a shekarar 1976, kuma idan bikin Ista ya gabato yakan shirya darussan zana ƙwai da ake kira pysanka, wadda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Sunan pysanka ya fito ne daga kalmar mutanen Yukren ta "rubutawa", domin a wurinsu rubuta ƙwai ake yi.

Za ka tanadi ɗanyen farin ƙwai, kakin zuma, kyandir, ruwan rini kala-kala, da kistka, wato ɗan mazurarin ƙarfe da aka ɗaura a kan tsinke. Fara goge ƙwan da ruwan da aka ɗiga wa khal, kuma ka wanke hannu sosai, domin duk inda maiƙo ya taɓa, rini ba zai kama ba.

Ka shata zanenka a kan ƙwan da fensir, ka ɗora kistka a gefen harshen wutar kyandir har ta yi zafi, ka ɗebi kaki, sannan ka bi layukan da ka shata. Abin da ka rufe da kaki a wannan karo shi ne zai zauna fari. Daga nan ka tsoma ƙwan cikin rawaya, ka tsane shi ba tare da gurzawa ba, ka rufe wuraren da kake so su tsaya rawaya, ka wuce zuwa ruwan goro, sai ja, baƙi kuma a ƙarshe. Wannan jeri daga mai haske zuwa mai duhu shi ne ginshiƙin aikin, kuma a ganina nan ne sabon hannu ya fi yin kuskure saboda gaggawa. Wanda ya san yadda ake hana rini shiga wani sashe na zane a marinar Ƙofar Mata zai gane dabarar nan take.

A wannan lokaci ƙwan zai yi baƙi ƙirin, kada ka karaya. Riƙe shi kusa da gefen wutar, ban da samanta don gudun hayaƙi, ka riƙa share kakin da ya narke da ƙyalle mai laushi har launukan su bayyana. Bayan an shafa masa man ƙyalli, akan huda shi a fitar da ƙwanduwar. Ba a cin irin wannan ƙwai, domin rinin ba na abinci ba ne.