Atisayen Kare Kai: Abin da Za Ka Saba wa Jikinka

Manufar koyon kare kai ita ce ka kuɓuta ka isa gida lafiya, ba ka kai wani ƙasa ba. Idan mai ƙwacen waya ya zare maka wuƙa, miƙa masa wayar. Duk wanda yake ganin zai iya ƙwace wuƙa da hannu, ya gwada wannan: ya sa tsohuwar farar riga, ya ba abokinsa guntun gawayi a madadin wuƙa, su kara na daƙiƙa 10, sannan ya ƙirga baƙin da ke jikin rigar. Kowane zane yanka ne.

Kwana 3 a mako ya isa, minti 40 kowane zama, bayan asuba ko bayan la'asar da rana ta yi sanyi. Fara da minti 5 na sassarfa don jiki ya saki.

Abu na farko shi ne faɗuwa, kamar yadda 'yan judo, wata irin kokawa ta Japan, ke fara koya wa sabon shiga, domin mummunan rauni sau da yawa daga ƙasa yake zuwa, lokacin da ƙeya ta bugu da kwalta. Samu katifa ko yashi mai laushi. Tsuguna, ka manna haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka mirgina baya kana dukan ƙasa da tafukan hannu biyu a gefen jiki. Yi sau 10. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne miƙa hannu ya tokare ƙasa. Nauyin jiki duka sai ya sauka a wuyan hannu, nan ake samun targaɗe ko karaya. Kada ka koma faɗuwa daga tsaye sai haɓar ta daina ɗagawa da kanta. Wajen tashi kuma, dafa ƙasa da hannu ɗaya a bayanka, ɗayan yana kare fuska, ka ja ƙafa baya ka miƙe idonka na kan abokin gaba.

Idan an riƙe maka wuyan hannu, kada ka ja baya kai tsaye, ƙarfi da ƙarfi ne, mai ƙarfin zai ci. Murza hannun zuwa wajen babban yatsan wanda ya riƙe ka, inda riƙon ya fi rauni, ka fizge da jiki gaba ɗaya. Abokin atisaye ya fara riƙewa a hankali, bayan mako 2 ya ƙara ƙarfi, daga baya ya riƙe da gaske. Abokin da ke saki don kunya ko ladabi cutar ka yake yi.

Batun duka kuwa, ba banza ba 'yan dambe ke naɗe hannu kafin su shiga fage. Dunƙulallen hannu tsirara in ya haɗu da ƙoƙon kai, ƙashin bayan ƙaramin yatsa ne ke karyewa. Saba da gindin tafin hannu: ture ɗaya ko biyu a haɓa ko ƙirji, sai gudu. Duk dabarar da ka yi, rufe ta da gudun mita 30, don jiki ya haddace cewa bayan fizgewa gudu ake yi, ba tsayawa kallo ba. Haɗa da ihu, "Jama'a ku taimaka!", da ƙarfi, domin tsoro yakan shaƙe murya in ba a saba ba.

Sau ɗaya a mako, yi atisayen cikin kayan da kake fita da su: doguwar riga da silifas, mata kuma zani da hijabi. A nan za ka gane silifas na zamewa, riga kuma ta zama marikin abokin gaba. Maimaita dabarun a ƙarshen zama, kana haki, don hannu ya saba aiki cikin gajiya. Wanda ya bugu a kai har ya ji jiri ko tashin zuciya ya dakata nan take, ya je asibiti, kada ya dawo fili sai likita ya ce.