Kurakuran da aka fi yi da fayil ɗin .env da yadda ake gyara su

Fayil ɗin .env, inda masu gina manhaja ke ajiye saituna da kalmomin sirrin da manhajar ke buƙata, rubutu ne tsagwaronsa: suna, alamar daidai, sai ƙima, layi bayan layi. Ba shi da kwaɗo, kuma ba a sirranta abin da ke cikinsa ba. Duk wanda ya buɗe shi zai karanta kalmar sirrin ma'ajiyar bayananka kamar yadda kake karanta wannan rubutu. Dabarar ta bazu ne bayan Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, kamfanin da ke ɗora manhajoji a intanet, ya fitar da ƙa'idoji 12 na gina manhaja a 2011, inda ta uku ta ce a raba saituna da rubutun manhaja, a ajiye su a muhallin da take gudana. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake bi. Amma galibin ɓarnar da nake gani daga wuri ɗaya take tasowa: mutane sun ɗauki fayil ɗin a matsayin akwatin ƙarfe.

Babban kuskure shi ne tura shi cikin Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa rubutun manhaja. Na taɓa zama kusa da wani abokin aiki da ya lura cewa .env ɗinsa ya hau GitHub, shafin da ake ɗora ma'ajiyoyin Git a intanet. Nan take ya buɗe .gitignore, wato jerin fayilolin da ake so Git ya yi watsi da su, ya rubuta sunan fayil ɗin, ya sake turawa, ya sauke ajiyar zuciya. Na ce masa ya duba tarihin turawar. Yana dubawa sai ga mabuɗinsa, wato lambar sirrin da manhajarsa ke shiga wani dandali da ita, yana nan zaune, harafi bai ɓace ba. Dalili kuwa, .gitignore ba ya aiki a kan fayil ɗin da Git ya riga ya fara bi. Sai ka cire shi da `git rm --cached .env`, kuma ko hakan ba ya goge abin da ya wuce.

Tsarin gyaran yana da muhimmanci. Abu na farko, ka je inda aka ba ka mabuɗin ka soke shi, ka karɓi sabo, ka sauya kalmar sirri. Bayan nan ne za ka share tarihi da kayan aiki irin git filter-repo ko BFG, in kana so. Na sha ganin ana yin akasin haka, mutum ya ɓata awa biyu yana wanke tarihi alhali tsohon mabuɗin yana nan da ransa. Akwai manhajoji da ba su da aiki sai bin ma'ajiyoyin da ke buɗe suna tsintar mabuɗai, don haka mabuɗin da ya fita ko na minti ɗaya ne, ka ƙaddara ya shiga hannun wani. Domin gaba, ka sa .env a .gitignore tun kafin turawar farko, sannan ka ajiye .env.example mai ɗauke da sunaye kawai, don wanda ya shigo aikin ya san abin da zai cike.

Git ba shi kaɗai ne ƙofar ba. In sabar tana nuna wa duniya babban jakar aikin maimakon jakar public, kamar yadda ake yawan yi da Laravel, wani tsarin gina shafuka da yaren PHP, kowa zai iya rubuta adireshin shafinka ya ƙara /.env ya sauke komai. A watan Agustan 2024 masu binciken tsaron intanet na Unit 42, sashen kamfanin Palo Alto Networks, sun bayyana wani kutse da aka yi ta wannan hanya, inda aka kwashi fayilolin .env daga adiresoshi aƙalla 110,000. Gwada naka yau ɗin nan. In ya buɗu, ka gyara sabar, ka sauya duk abin da ke ciki. Haka nan `COPY . .` a Dockerfile, fayil ɗin umarnin da Docker ke bi wajen ƙunshe manhaja, yana kwasar .env ya binne shi cikin ƙunshin manhajar, sai dai in ka sa shi a .dockerignore. Sunayen da suka fara da NEXT_PUBLIC_ ko VITE_ kuwa, ana ɗinke ƙimarsu ne cikin abin da ake aika wa burauza, don haka sirri ba ya shiga can ko kusa.

Sauran kurakuran ba sa tona asiri, kai kawai suke cazawa. Duk ƙimar da ta fito daga muhalli rubutu ce. In ka sa `DEBUG=false`, Python da JavaScript duka za su ɗauke ta gaskiya ce in ka gwada ta kai tsaye, domin rubutu ne da ba fanko ba. Ka kwatanta ta da kalmar da kake nufi, lamba kuma ka mayar da ita lamba da hannunka.

Sai batun alamomi, wanda ke ba ni haushi domin .env ba shi da ƙa'ida guda da kowa ya amince da ita. Kalmar sirri mai # a tsakiya tana iya yankewa a dotenv, kayan aikin da ke loda .env a Node (abin da ke gudanar da JavaScript a sabar), in ba ka sa ta cikin alamar zance ba. To amma `docker run --env-file` ba ya cire alamar zancen, haɗawa yake da ita cikin ƙimar. Docker Compose kuma yana ɗaukar $ a matsayin farkon wani suna. Fayil ɗaya, fassara uku. Ka karanta bayanin abin da ke loda maka fayil ɗin, ko Node ne da kansa, wanda ya samu `--env-file` tun sigar 20.6 a 2023.

In ka sauya ƙima ba ka ga canji ba, duba abu uku. Wataƙila ba ka sake kunna manhajar ba. Wataƙila sunan yana nan a muhalli tun farko, kuma dotenv ba ya danne wanda ya tarar sai ka umarce shi. A Laravel kuwa, bayan `config:cache` ba a ƙara karanta .env, sai `env()` ya riƙa dawo da fanko a wajen fayilolin saiti. Maganin da na fi yarda da shi: manhajar ta duba duk sunayen da take buƙata a lokacin tashi, in ɗaya ya ɓace ta ƙi tashi, ta faɗi sunansa ƙarara, ba tare da ta buga ƙimar kowanne a allo ba.