Yadda ake cire zare da gwangwala daga ganyen tukurwa

A duk tsirran duniya babu mai ganye da ya kai na tukurwa tsawo. Wani irinta da ke dazuzzukan Kamaru, Gabon da Kwango, wanda masana ke kira Raphia regalis, an auna ganyensa ɗaya ya kai mita 25. Wadda muke da ita a fadamun kudancin Gana, Raphia hookeri, ganyenta kan kai mita 12. Ganye ɗaya ke nan, daga gindi zuwa tsini. Sandar tsakiyarsa ita ce gwangwala, ƙananan ganyayen da ke jere a gefenta kuma su ke ba da zare, wato siririyar fatar da ake ɓarewa daga jikinsu.

Kafin komai, a nemi izinin mai fili, a sa takalmin roba mai tsawo saboda macizai, a kuma sa safar hannu, don gefen ganyen yana da ƙananan ƙayoyi masu yanka.

Zare mai kyau daga sabon tsiro yake fitowa, wanda bai buɗe ba tukuna, yana tsaye kamar mashi, cikinsa fari-fari mai ruwan ɗorawa. Ganyen da ya riga ya yi kore shar ya tsufa, fatarsa ta manne, sai dai ta yi ta tsinkewa. A yanke tsiro ɗaya tak a kowace bishiya, kuma a bar tazarar kamu biyu daga inda ya fito. Idan adda ta taɓa zuciyar, wato inda sabon tsiro ke fitowa, bishiyar ta mutu, domin kai ɗaya gare ta. Fadamun da ke kewayen Kumasi sai raguwa suke yi saboda gine-gine, don haka wanda ya kashe tukurwa a kan zaren kwana ɗaya ya cuci na bayansa.

A zare ƙananan ganyayen, a tsage tsinken tsakiya a ajiye don tsintsiya. Sai a karya bakin ganyen kaɗan, ko a ɗan karce shi da wuƙa ba tare da an yanke ba, a kama siririyar fatar da ta ɗago da babban yatsa, a ja ta a hankali, ja ɗaya har ƙarshe. A yi wannan a ranar da aka yanko. Ganyen da ya kwana ya yi yaushi ba ya sakin fatarsa.

A ɗaure zaren dami-dami, kamar hamsin-hamsin, a rataye a rana kwana 2 zuwa 3. Da damina a shigar da shi rumfa tun kafin yamma, domin danshin Kumasi kan sa ya yi baƙin ɗigo-ɗigo na funfuna, kuma wannan ba ya fita. Da hunturu matsalar daban ce: yakan bushe ya yi ta karyewa, sai a yayyafa masa ruwa kafin saƙa. Mai son jan launi ya dafa shi da karan dafi, wanda matan unguwar Aboabo ta Kumasi ke sakawa a wake da shinkafa.

Gwangwala kuwa daga ganyen da ya ƙosa ake yankowa. A shanya ta a inuwa, a kan katako, mako 2 zuwa 3, ana juya ta. Rana mai zafi tana tsaga bayanta, ajiye ta a ƙasa kuma gayyatar gara ne.