Matakan zaunar da aboki a gidanka a Amurka

Da farko, idan unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje, wato wadda ke kafa wa gidajen unguwa dokoki, ɗauko kundin dokokinta, wanda aka ba ka lokacin sayen gidan. Duba ko an ƙayyade kwanakin baƙo, domin wasu ƙungiyoyin na ɗaukar wanda ya daɗe a matsayin ɗan haya ko da ba ya biyan sisi.

Sai ka rubuta wa shugabannin ƙungiyar game da zaman abokin, ka adana amsarsu.

Ku sa hannu a 'yar yarjejeniya, kai da abokin, har da ranar tashi. Kada kara ta hana ka yin wannan: a jihohi da yawa, idan mutum ya zauna ya daɗe, kotu kaɗai ke iya fitar da shi.

Sanar da kamfanin inshorar gidanka.

Daga nan ka nuna masa wurin ajiye mota da ranar fitar da shara, tunda duk tarar ƙungiyar da ya jawo a kanka za ta faɗo.