Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Iyafis Da Hedifon Masu Kashe Hayaniya

Yawancin masu kawo min kukan cewa sun sayi iyafis mai kashe hayaniya amma ba ya kashe komai, tun daga jikin kwali aka yi musu sakiyar da ba ruwa. Don haka matakin farko shi ne ka karanta haruffan da ke jikin kwalin da kyau. In ka ga ENC, wannan aikinsa tace muryarka ne domin wanda kuke waya da shi ya ji ka sarai, kai kuwa duk surutun da ke kewaye da kai zai shigo kunnenka. Abin da kake nema shi ne ANC, wato mai kashe ƙarar waje kafin ta cika maka kunne. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne, kada ka yarda.

Sai ka tantance irin hayaniyar da ke damunka. Na'urar tana da ƙananan makirfo da ke ɗaukar ƙarar waje, sai ta fitar da kishiyar ƙarar su kashe juna. Dabarar ta fi tasiri a kan gunji mai kauri da ba ya canzawa, irin na injin jirgin sama, janareta, iyakwandishan ko motar haya a kan doguwar hanya. Hon, kukan jariri da hirar abokan aiki kuwa ragewa kawai take yi. Wanda damuwarsa surutun ofis ce, toshewar kunne ce za ta fi yi masa aiki.

A nan ne nake so ka tsaya sosai, domin a nan na yi asara. Na taɓa shiga jirgi da sabon iyafis, da robar da ta zo a jikinsa, matsakaiciya. Tun daga tashi har sauka gunjin injin yana shigo min ta kunnen hagu, na dawo ina cewa kayan banza ne. Ashe ramin kunnena na hagu ya fi na dama faɗi, robar ba ta cika shi ba. Da na sa babba a hagu na bar matsakaiciya a dama, sai na ji ɗakin ya yi tsit, fankar da ke kaina ta koma kamar a wani gida take juyawa. Saboda haka ka zauna ka gwada kowace roba, kunne ɗaya bayan ɗaya. Iyafis ɗin AirPods Pro 2 yana zuwa da roba girma 4, kuma iPhone tana da gwajin da ke nuna ko ya toshe. In babu wannan, ka sa shi ba tare da kunna komai ba ka yi magana: in muryarka ta yi kauri a cikin kanka, ya zauna. Ka tauna wani abu, ka yi hamma. Wanda ya sassauta da hamma ɗaya ba zai kai ka Kaduna daga Kano ba.

Hedifon ma yana da irin tasa matsalar. Sosonsa dole ya kewaye kunne ya manne da fata. Ƙafar tabarau mai kauri tana buɗe kafa, haka ɗankwali ko hijabi in ya shiga tsakani. Mai sa doguwar hula kuma sai ya cire ta kafin ƙarfen ya zauna a ka. Ga ƴan'uwa mata masu hijabi, ni iyafis kawai nake ba da shawara, sai dai a sani mayafin yana ɗan danne makirfo lokacin waya.

Daga nan ka auna tsawon tafiyarka da batir. Hedifon Sony WH-1000XM5 yana kai awa 30 da caji ɗaya. AirPods Pro 2 awa 6 yake yi kafin a mayar da shi gidansa na caji, alhali jirgin Abuja zuwa Landan ya haura awa 6. Ga kuma talabijin ɗin jikin kujera, wanda a yawancin jirage sai da waya ake jona shi. Hedifon yana zuwa da wayarsa, iyafis sai ka sayi ƴar na'urar bulutut daban. A ra'ayina, duk tafiyar da ta wuce awa 5, hedifon ne maganinta. Amma ka lura, XM5 ba ya naɗewa, jakarsa tana cin wuri. XM4 yana naɗewa, kuma da yake ya girme shi yakan fi sauƙin kuɗi, ni shi zan ɗauka.

A wurin aiki lissafin yana juyewa. Ka sa hedifon a watan Afrilu ba wuta, cikin rabin awa gumi ya cika soson, bayan wani lokaci fatarsa ta fara ɓarewa tana manne maka a kumatu. In ofishinku ba sanyi, iyafis ka saya. Ka tabbatar yana haɗuwa da waya da kwamfuta a lokaci guda, kira ya shigo ana tsakiyar taron Zoom ba sai ka yi ta lalube ba.

Kafin ka biya, ka tsaya kusa da janaretan shagon, ka kunna ANC ka kashe sau uku ba tare da sauti ba. In ba ka ji bambanci ƙarara ba, ajiye shi, jabun AirPods sun cika kasuwa kuma har hotonsu yana fitowa a fuskar waya kamar na gaske. Ka kira wani ka tambaye shi yadda yake jin muryarka. Roba kuma a riƙa cire ta ana gogewa duk mako, dauɗar kunne tana toshe ragar. In za ka tsallaka titi ko kana kan babur, cire shi gaba ɗaya.