Bel ɗin taimin, fanbel da famfon ruwa: yaushe ake canza su?

Fanbel ba ya ɓoye ciwonsa. Yana waje, kana ɗaga murfin gaban mota ka gan shi, shi ke juya altaneta da famfon sitiyari. Kashe inji, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa: in ya lotsa fiye da santimita 1, ya saki. In cikinsa ya tsattsage, ko ya yi sheƙi, ko yana ƙara da safe in an tada mota, canza shi. Masu goga masa sabulu don ya yi shiru ƙarar kawai suke kashewa. Ajiye wani sabo a but, musamman in hanyar Tanout zuwa Agadez ko ta Gouré zuwa Diffa kake bi.

Bel ɗin taimin shi ne mai aiki. Yana rufe cikin murfi, shi ke daidaita juyin fistin da buɗewar bawul, kuma yakan tsinke ba sallama. A injin gazuwal, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Don haka da lissafi ake canza shi, ba a jiran alama. Hilux da Hiace masu injin 2L, 3L ko 5L, kilomita 100,000. Masu 1KD da 2KD, 150,000. Sauran motoci a duba littafinsu. Ko ba a cika kilomitan ba, roba tana tsufa: da zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a Damagaram, ga ƙurar hunturu, shekara 5 ta isa. Fitilar T-BELT da ke kunnawa a gaban direba kilomita kawai take ƙirgawa, ba ta ganin bel ɗin, kuma da hannu ake share ta. Motar da ta fito daga Kwatano ba takardar gyara, kada ka yarda da mitarta, canza da zarar ka saya. Wasu injuna, kamar 1ZZ na Corolla, sarƙa gare su, wannan lissafi bai shafe su ba.

In bel ɗin taimin ne ke juya famfon ruwa, kamar a Peugeot 406 da Camry mai injin 5S, a canza su rana ɗaya. Kuɗin aiki ɗaya ne, kuma tsohon famfo in boris ɗinsa ya ci, da sabon bel zai tafi. Alamun lalacewar famfo: ruwa na ɗiga ta ƙaramin ramin da ke ƙarƙashinsa, busasshen farin tabo a wajen, fuli yana rawa in ka girgiza shi, allurar zafi tana hawa. Ruwan rijiya zalla a radiyeta yana cinye shi, yana kawo tsatsa da gishiri. Zuba ruwan sanyaya inji, rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ba ne.

Wajen canza bel ɗin taimin da famfo, bari inji ya huce, a cire kan batir. Bakanike ya daidaita makin fulin sama da na ƙasa kafin ya zare tsohon bel. A sa sabon tanshina, wato abin da ke riƙe bel a ɗaure, da fulin da ke rakiyarsa. Sau da yawa bel ɗin da ya tsinke kafin lokaci, tsohon tanshina ne ya ci shi. In akwai danshin mai a cikin murfin, a canza sil, wato robar da ke tare mai, don mai yana ruɓar da roba. A kankare tsohon gasket tas kafin a ɗaura famfo. Bayan an ɗaura bel, a juya inji da sifana zagaye 2, a sake duba maki. Haƙori ɗaya ya goce, mota za ta rasa ƙarfi. Sai a cika radiyeta, a bar inji yana aiki murfinta a buɗe har iska ta fita. Rubuta kilomita da kwanan wata da fenti a jikin murfin bel.